Mamacin da ke Ɗibar Mai Ranar Talata

Ranar Laraba da hantsi Araba Otoo ta zo share rumfar man masuntan Apam, ta tarar da mamaci yana kallonta.

Fuskarsa ce cike da gilashin na'urar famfon, da hular saƙa da farin gemu da tabon ƙugiya a ƙasan ido. A ƙarƙashin hoton ga sunansa, Ato Bentsil, ga lokacin da ya ɗebi mai: jiya Talata, sha biyu da kwata na rana. Alhali wata huɗu ke nan da igiyar ruwa ta share Egya Ato, kamar yadda ake kiransa, daga bakin kwalekwalensa a gaban mutum goma sha ɗaya, teku kuwa ba ta dawo da ko hularsa ba.

Araba ta saki tsintsiya ta kurma ihu.

Kafin Sufeto Kwamena Essilfie ya iso, rabin gari ya taru. Babu wanda ya yarda ya shiga inuwar rumfar. Sufeto ɗan masunta ne, a wannan gaɓar ya yi rarrafe, kuma Egya Ato ne ya fara koya masa ƙullin taru kafin ya guje wa teku ya shiga ɗan sanda. Ya ratsa mutane ya tsaya gaban hoton. Sannan ya juya ga Araba.

Shekara biyu ke nan da ƙungiyar masunta ta ɗauko wani kamfani daga Accra ya kafa famfon. A da, mutum ne ke raba shuɗin man inji, ya san kowa da ubansa. Yanzu mai kwalekwale zai danna lambar jirginsa, ya aza babban yatsa, rabonsa na mako ya zubo. Babu gaisuwa, babu roƙo, babu wanda zai ce maka yaya gida.

"Araba, ina kike jiya da rana?"

"Kasuwar Mankessim, Sufeto. Duk Talata can nake. Ka tambayi direban motar, har yanzu yana zagina kan buhun rogo."

"Kin bar famfo ba mai gadi?"

"Wa zai sayi mai ranar Talata? Ranar hutun teku ce, ko kare ba ya shiga ruwa. Maza duk suna can rumfar Nana, sarkin masunta, suna ɗinkin taru da shari'a."

"Me ya sa sai yau kika gani?"

"Ni ba na ganin sunaye. Da mutum ya gama, hoton ya ɓace, labarin ya tafi Accra. Jiya layin waya ne ya yanke, abin ya sandare a kan na ƙarshe." Ta nuna hoton. "A kansa."

Ana cikin haka mutane suka dare. Maame Ekua Mansa ce, matar Egya Ato, ta taho ba takalmi, hannunta duk tokar murhun banda. Ta tsaya daf da gilashin, ta kai yatsa ta shafi gemun. Ba ta yi kuka ba. Dama wata huɗu ba a ba ta izinin kuka ba, don ba a yi jana'iza ba, kuma mace ba ta shiga takaba sai shugaban dangin miji ya ce mutum ya mutu. Tana nan tsakani, ita ba matar aure ba, ita ba mai takaba ba.

Shugaban dangin kuwa yana bayanta, Opanyin Kobina Amissah, ɗan ƙanwar uwar mamacin, tsohon malamin makaranta da kowa ke kira Ticha. Ya gyara zanensa a kafaɗa ya ɗaga murya.

"Me na gaya muku? Sau biyu kuna matsa mini in sa zanensa da yashin gaɓa cikin akwati in binne. Na ce ban ga gawa ba. To ga shi! Da kun sa na binne ɗan'uwana da rai. Jana'izar da aka sa ƙarshen wata, na soke ta."

Maame Ekua ta juyo ta kama hannun rigar Sufeto.

"Kwamena, ɗana. Kai ne hukuma. Ka gaya mini, yana raye ko ba ya raye? Duk wanda ka faɗa zan ɗauka. Amma a faɗa mini ɗaya."

"Zan faɗa miki, Maame. Ki ba ni mako guda."

Daga ofis ya kira kamfanin da ya kafa famfon a waya. Wata mace ce ta ɗauka, muryarta sumul kamar ba ta taɓa jin warin kifi ba. Ta duba ta ce ba jiya kaɗai ba ne. Talata goma sha shida a jere, kullum tsakar rana, Ato Bentsil yana ɗibar rabonsa cif.

"Madam, mutumin nan ya nutse."

"A wurinmu yana raye, Sufeto. Ba a kawo mana takardar mutuwa ba."

"Ba ku da abin ɗaukar hoto a rumfar?"

"Akwai. Gishirin teku ya cinye idonsa tun bara. Yana cikin jerin gyara."

"In aka yanke yatsan gawa aka aza fa?"

"Ba zai yi ba. Sai yatsa mai ɗumi, mai jini yana gudu. Na'urarmu ba ta ƙarya."

Ya ajiye wayar. Shi ba mai tsoron fatalwa ba ne, amma ya girma yana jin labarin waɗanda teku ta ɗauka, aka gan su a wani gari mai nisa da sabuwar mata, da an kira sunansu su ɓace.

Maganar yankan yatsa ba daga kansa ta fito ba. Gari ne ya ɗauka, kuma a kan mutum ɗaya: Ebo Kakra, mataimakin Egya Ato, wanda ya fi kowa kusa da shi sa'ad da ya faɗa ruwa, kuma shi ke jan kwalekwalen yanzu. Sufeto ya same shi ƙarƙashin kwakwa yana kankare ƙasan jirgi.

"An ce yatsan maigidanka yana cikin gwangwani a ɗakinka."

Ebo ya tofar da miyau. "Haba Kwamena. Kai ma? Tun da ka sa wannan hular ƙwaƙwalwarka ta daina shan iska."

"Sufeto za ka ce."

"To Sufeto. Ni na faɗa ruwa bayansa. Sau uku ina nutso har jini ya fito mini ta hanci. Yanzu ni ne mahauci?"

"Ina kake samun mai?"

"A bayan fage, wurin 'yan sari, da tsadar da za ta sa ka kuka. Na je ƙungiya su mayar da rabon jirgin sunana, suka ce kamfani ke yi. Kamfani ya ce sai takardar mutuwa. Masu takarda suka ce sai shugaban dangi ya sa hannu. Shugaban dangi ya ce bai ga gawa ba. Ka ga inda nake zagayawa? Da ina da yatsan nan, zan bar yarana goma suna tuƙi da filafili?"

"Ranar Talata fa?"

"Gaban Nana, daga safe har la'asar. Mutum ɗari za su shaida. Jiya ma tara aka ci ni don na zagi wani."

Sufeto ya bincika. Gaskiya ne, har da tarar. Araba ma direba ya shaide ta, da zagin da komai.

Kwana uku bai samu bakin zare ba. Garin kuwa ya canza. Mata suka daina bi ta gaban rumfar su kaɗai. Wani ya zuba giya a gindin famfon ya ajiye ƙwai biyu. Wasu suka ce sun ga tsoho da hular saƙa a kan duwatsu. Maame Ekua ta koma girka abincin mutum biyu.

Ranar Asabar ya je gidanta. Ta ba shi kujera a tsakar gida, kusa da murhun banda da ya yi kwanaki ba wuta. A gefe ga ƙwallon dokunu, tuwon masararsu, da soyayyen kifi an rufe da kwano.

"Kada ka kalle ni haka," in ji ta. "In ya shigo da yunwa fa?"

"Maame, in da yana raye, zai zo ɗibar mai ya kasa ƙarasowa gida?"

"Shi nake tambayar kaina. Shekara arba'in da ɗaya. Me na yi masa? Ticha ya ce wataƙila ruwa ya taɓa masa hankali, ya ce in yi haƙuri, in bar hukuma ta huta." Ta kalli murhun. "Mijina fa, mutumin da ke tsamo mini garwashi da hannu in zan kunna wuta. Ya ɗauka haka, ya riƙe, yana mini dariya. Igiya da gishiri sun mayar da tafinsa kamar ƙahon sa. Ranar zaɓe in ya dangwala, baƙin tabo kawai yake bari, yara su yi ta dariya shi kuma ya yi fushi."

Sufeto ya ɗago kai. Ya miƙe ya yi mata sallama.

Washegari tun da safe ya je ya zauna kan kututturen kwakwa yana kallon layin masu ɗibar mai. Wani tsoho ya aza yatsa, na'ura ta ƙi. Ya goga a goshi ya sake, ta ƙi. Ya lasa, ya hura, ya zagi uwar wanda ya ƙera ta. Sai a karo na bakwai mai ya zubo. Na bayansa sau biyar. Duk wanda ya haura shekara hamsin a teku sai ya yi wannan rawar.

Ya sake buga wa matar Accra.

"Madam, na'urarku tana rubuta sau nawa mutum ya gwada kafin ta karɓa?"

"Komai tana rubutawa."

"Ato Bentsil fa?"

Ya ji tana danne-danne. "Sau ɗaya. Kullum sau ɗaya. Yatsansa na cikin mafi kyau da muke da su a Apam."

"Tun bayan da ya nutse?"

"Tun ranar rajista."

"Mutum ɗaya zai iya yin rajista da suna biyu?"

"Ina! Da ta ga yatsan da ta sani sai ta ƙi."

Ya koma wurin Ebo. "Lokacin da maigidanka ke raye, wa ke raka shi famfo?"

"Ba mu ba. Ya hana. Mu dai mu kai jarkoki mu ajiye mu koma bakin ruwa, sai ya kira mu ɗauka. Ticha ne ke zuwa da shi, wai yana karanta masa abin da na'ura ta rubuta. Mu har tsiya muke yi, mu ce lamba huɗu ce fa, sai an ɗauko malami?"

Daga nan sai gidan sarkin masunta, Nana Ekow Arhin, tsoho mai kaifin harshe.

"Nana, ka tuna ranar rajista?"

"Wa zai manta? Ana tsakiyar kakar kifi, teku cike, suka tsare mu a makaranta tun safe. Duk wanda bai yi boko ba ya zo da ɗan'uwa mai cika masa takarda. Yaran kamfanin kuwa sai duban agogo suke, an ce musu su gama garin nan a yini ɗaya."

"Wanda yatsansa ya ƙi fa?"

"Sai ya tafi Cape Coast ya samo takardar likita, ya jira wata uku. Wata uku ba mai, a kakar kifi! Ka san abin da wannan ke nufi, ai ubanka masunci ne. Mutum biyu sun tafi, jiragensu suka ruɓe a kan yashi."

"Egya Ato bai tafi ba."

Nana ya ƙura masa ido. "Bai tafi ba," ya ce a hankali. "Shi ne na ƙarshe a layi. Ya ƙi shiga sai da kowa ya watse."

Talata ta zagayo. A karo na farko tun kakanni, rumfar Nana ta zama wayam ranar ɗinkin taru. Kowa ya taru nesa da famfon yana jiran sha biyu. Maame Ekua ce kaɗai a cikin inuwar, kan kujera 'yar tsugune, da sabon zane, da kwanon abinci a cinya. Rana ta take. Babu iska. Sha biyu ta yi, da kwata, da rabi. Babu wanda ya fito daga teku.

Ticha yana tsaye gaban jama'a da laima. "Wannan taron ai shi zai kore shi," in ji shi. "Mutum mai ruɗaɗɗen hankali ba ya son ido. Ku watse, ku bar iyali da abinsu."

Sufeto ya tako tsakiya.

"Ticha, kai ka koya mini karatu, ba zan yi maka rashin kunya ba. Alfarma ɗaya nake roƙo. Kamfani ya ce na'urar ba ta karɓar baƙon yatsa. Ina so jama'a su gani da idonsu. Ni zan fara."

Ya danna lambar jirgin Egya Ato ya aza yatsansa. Na'ura ta yi ja ta ƙi. Ya kira Ebo, ta ƙi. Araba, ta ƙi. Nana da kansa ya taho yana dogara sanda, ta ƙi.

"Saura shugaban dangi."

"Ni ba masunci ba ne," in ji Ticha. "Ba ni da rajista."

"Na sani. Shi ya sa."

"Kwamena, ka san da wa kake magana? Ni na bulale ka a aji uku."

"Ban manta ba, Ticha. Bismillah, ga famfo."

Hannun Ticha na dama ya shige cikin zane. Nana ya buga sanda a ƙasa.

"Kobina, fito da hannun nan. Ko maciji ne a ciki?"

Babu wanda ya yi dariya. Ticha ya taka kamar mai shiga ruwan sanyi. Ya miƙa ɗan manuni. Sufeto ya girgiza kai, ya kama babban yatsan, mai laushi, wanda bai taɓa riƙe abin da ya fi alli nauyi ba, ya aza.

Sau ɗaya. Gilashi ya yi haske, fuskar Egya Ato ta bayyana, famfo ya yi gurnani, shuɗin mai ya tsiyaye kan yashi.

Mata suka ja da baya suna salati. Sufeto ya saki hannun ya juya ga jama'a.

"Na'urar nan ba ta taɓa sanin Egya Ato ba. Shekara hamsin na igiya sun shafe zanen yatsansa. Ranar rajista ta ƙi shi, shi kuwa yana da baki goma sha ɗaya a jirgi, ga kunyar a ce hannunsa bai kai na mutane ba. Ya jira kowa ya fita. Wanda ya zo cika masa takarda ya ba da aron nasa yatsan, yaron kamfani ya kau da kai don ya cika lissafinsa ya kama mota. Dole mai aron ya zama ba shi da rajista, don na'urar ba ta karɓar yatsa sau biyu. Dole ya zama mai hannu lafiyayye. Dole ya zama wanda ba a neman sa a rumfar Nana ranar Talata. Kuma dole ya zama wanda in an binne Egya Ato, rabon nan ya kuɓuce masa. Mutum ɗaya ne a garin nan ke da ikon hana binnewar."

"Taimakonsa na yi!" Muryar Ticha ta tsage. "Shekara biyu ina tasowa duk mako ina ba shi hannuna, ko kan kifi ban karɓa ba. Da ya tafi, na zo sau ɗaya kawai in gani ko za ta yarda. Ta yarda. Ta nuno mini fuskarsa, na kasa barci kwana uku. Mai adaidaita ya kai mini man garin Winneba aka saye nan take. Na ce na daina. Talata ta sake zagayowa..." 

"Da mai kaɗai ka sata, da sauƙi," in ji Nana. "Ka dubi matar nan."

Ticha bai duba ba. Sufeto bai sa masa ankwa ba. Ya ce da kurtun da ke tare da shi ya wuce da shi ofis ta bayan kasuwa, kuma kafin a rufe shi ya sa hannu a takardar mutuwa. Mutane suka bi su da ido, sannan ɗaya bayan ɗaya suka juyo ga rumfar.

Maame Ekua ba ta motsa daga kujerarta ba. Sufeto ya cire hula ya durƙusa gabanta, gwiwarsa cikin jiƙaƙƙen yashi mai warin mai.

"Maame, na yi miki alkawari."

"Faɗi."

"Ba ya raye. Tun ranar da Ebo ya faɗa miki. Bai taɓa zuwa nan ya wuce ƙofarki ba."

Ta gyaɗa kai a hankali. Ta ɗaga ido ga gilashin, amma layin waya lafiya yake ranar, hoton ya riga ya tafi Accra.

"Ka yi aikinka, ɗana," ta ce. "Amma da ka bar mini shi ko zuwa wata Talatar."

 Ta miƙa masa kwanon ya riƙe. Ta cire 'yan kunnenta ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda mai shiga takaba ke yi, ta ƙulle a bakin zane, ta miƙe, ta fuskanci teku, ta aza hannu biyu a ka. Sannan ta kira sunan mijinta da muryar da aka ji har rumfar Nana, matan Apam suka amsa mata.